Yuka: Abin da ke sa ganyenta langaɓewa a cikin ɗaki da yadda ake ceto ta

Duk mai shiga bankuna, otal-otal da manyan ofisoshi a Abuja, Kano ko Kaduna, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wata shuka mai kaurin jiki kamar guntun itace ba, wadda dogayen ganyayenta masu siffar takobi ke fitowa a cunkushe daga samanta. Sunanta yuka. Masu sayar da furanni a bakin titi kan tallata ta da cewa ba ta da wahalar kulawa, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai sau da yawa, bayan wata biyu ko uku da sayenta, ganyayen da ke tsaye ƙyam sai su fara sunkuyawa, su langaɓe, su koma ruwan ɗorawa. Mai ita ya ga haka sai ya ƙara mata ruwa, a tunaninsa ƙishirwa ce. A mafi yawan lokuta wannan ƙarin ruwan ne ke ƙarasa ta.

Langaɓewar ganye alama ce, ba ita ce cutar ba, kuma abubuwa da dama ne ke haddasa ta, waɗansunsu ma kishiyoyin juna ne. Abin da zai raba mutum da asarar kuɗinsa shi ne ya gano wanne ne ya shafi tasa shukar tun kafin ya ɗauki buta.

Asalinta da irin ƙasar da ta saba da ita

Yuka ba 'yar Afirka ba ce. Dukkan danginta, waɗanda suka haura iri 40, daga nahiyar Amurka suka fito, kuma akasarinsu a busassun wurare suke rayuwa, musamman a Meziko da kudu maso yammacin ƙasar Amurka. Wadda aka fi ajiyewa a cikin ɗaki ita ce wadda masana ke kira Yucca gigantea, sunan da masanin tsirrai ɗan Faransa Charles Lemaire ya ba ta a 1859. A kasuwar furanni an fi saninta da wani sunan, Yucca elephantipes, wanda ke nuni da ƙafar giwa, domin idan ta tsufa gindinta kan kumbura ya yi faɗi kamar ƙafar wannan dabba. Gidanta na asali shi ne kudancin Meziko da ƙasashen tsakiyar nahiyar irin su Gwatamala, Honduras da El Salbado. A can itaciya ce sosai, takan kai tsawon mita 9, ana yin shinge da ita, ana kuma dasa ta a gefen gonakin kofi don hana zaizayar ƙasa. Farin furenta, wanda suke kira izote, shi ne furen ƙasa na El Salbado, har ma sukan dafa shi da ƙwai su ci.

Sunan nata yana da labari. A yankin Karibiyan da Latin Amurka, rogo ne ake kira yuka. Turawan farko da suka rubuta a kan tsirran wannan nahiya sun rikita shukokin biyu, sai sunan rogo ya liƙe wa wadda ba rogo ba, kuma Carl Linnaeus ya tabbatar da shi a 1753. Babu dangantaka tsakaninsu, don haka kada wani ya ji sunan ya ɗauka saiwarta abin dafawa ce.

Akwai wani abu game da yadda take isowa kasuwa wanda ya kamata mai saye ya sani. Akasarin waɗanda ake sayarwa a tukwane ba daga iri aka shuka su ba. Gangar jikin babbar itaciya ake yayyankawa gunduwa-gunduwa da zarto, a toshe saman kowane guntu da kaki don kada ya bushe, a kafa gindinsa a ƙasa har ya yi saiwa ya kuma yi toho. Ke nan shukar da ke da kaurin damtsen babban mutum tana iya kasancewa da 'yan saiwoyi kaɗan ƙwarai a ƙarƙashinta. Mai kallon kaurinta sai ya zaci tana shan ruwa da yawa, alhali bakin shan nata ƙarami ne.

Ana yawan rikita ta da dirasina, wata shukar ado 'yar asalin Afirka wadda ita ma ake sayarwa a guntun itace. Bambancin yana hannu: ganyen yuka yana da tauri, kuma idan aka shafa gefensa za a ji kaushi kamar bakin zarto mai ƙananan haƙora, shi kuwa na dirasina laushi gare shi da santsi, kuma lanƙwasowa ƙasa ɗabi'arsa ce. Wanda ke da dirasina yana damuwa da cewa ganyenta ba ya tsayawa, yana neman maganin abin da ba ciwo ba.

Ba kowane sunkuyawa ne ciwo ba

A fara duba waɗanne ganyaye ne suka kwanta. Yuka daga tsakiyar kanta take fitar da sabon ganye, tsofaffin kuma suna gangarowa ƙasa a hankali, su sunkuya, su yi ruwan ɗorawa, su bushe su kwanta a jikin itacen. Ta haka ne ma gangar jikin ke ƙara tsawo. Idan ganye biyu ko uku na can ƙasa ne suka yi haka, na tsakiya kuma suna tsaye kore shar, babu abin damuwa. Sai a bari su bushe sarai a fizge su ƙasa da hannu, ko a yanke su da almakashi mai tsabta.

Abin da ke neman bincike shi ne idan langaɓewar ta game shukar, ko ta kama sababbin ganyayen tsakiya, ko kuma ta zo cikin 'yan kwanaki.

Yawan ruwa

Wannan shi ne babban mai kashe yuka a cikin ɗaki, kuma ya cancanci a tsaya a fahimci yadda yake aikinsa, domin a zahiri abin kamar ya saɓa wa hankali. Abin da ke tsayar da ganye shi ne ruwan da ya cika ƙwayoyin jikinsa, kamar yadda iska ke tsayar da tayar mota. Saiwa ce ke turo wannan ruwan. Ita kuwa saiwa numfashi take yi, tana buƙatar iskar da ke cikin 'yan ƙananan ramukan ƙasa. Idan ƙasar ta zauna a jiƙe kwana da kwanaki, ruwa ya cike ramukan nan, saiwa ta shaƙe, ƙwayoyin cuta dangin fumfuna su samu ƙofa, ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa. Sai a wayi gari shukar tana tsaye a cikin caɓi amma ganyenta na fama da ƙishirwa, ya langaɓe daidai yadda zai yi da a ce an manta da ita wata guda. Mai gida ya ƙara ruwa, ruɓewar ta ƙara gaba.

Alamomin da ke raba wannan da ƙishirwa ta gaskiya ba su da wuyar ganewa. Ƙasar tukunyar tana da danshi ko da an kwana biyu ba a ba ta ruwa ba. Tukunyar ta yi nauyi. Ganyayen sun yi laushi da ruwan ɗorawa maimakon su bushe ƙamas, wani lokaci da tabo mai duhu wanda rawaya ta kewaye. Idan aka kai hanci kusa da ƙasar akan ji wari mai tsami. Ƙananan ƙudaje baƙaƙe na iya tashi daga cikinta idan aka taɓa. Gwaji mafi muhimmanci kuwa shi ne a matsa gangar jikin da yatsu, musamman daidai inda ta shiga ƙasa. Lafiyayyar yuka tauri gare ta kamar taɓarya. Idan ta lotsa, ko ɓawon ya saɓule, ruɓewa ta riga ta hau jiki.

A ofisoshi matsalar tana da wata fuska. Mai shara ya ba ta ruwa da safe, masinja ya ba ta da rana, mai ofis ya juye mata ragowar ruwan gorarsa kafin ya tashi, baƙo kuma ya zuba mata sauran shayinsa. Kowa na ganin alheri ya yi. Shayi mai madara da sukari ma ya fi ruwa illa, don yana jawo tururuwa da fumfuna. Magani a nan na tsari ne: a ɗora wa mutum ɗaya tak alhakin ba ta ruwa, a hana kowa.

Game da yawan ruwan da ya dace, kalanda ba ta da amfani sosai, domin tukunyar da ke bushewa cikin kwana shida a watan Afrilu tana iya yin mako uku da danshi a watan Agusta. Ƙasar ce za a tambaya. A samu tsinke mai tsawo, irin na tsire ma ya wadatar, a soka shi har tsakiyar tukunyar, a bar shi ɗan lokaci a zaro. Idan ya fito da laima ko ƙasa ta manne masa, a jira. Idan ya fito a bushe, lokaci ya yi. Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla rabin ƙasar na sama ya bushe kafin a sake ba da ruwa. Idan kuma za a ba ta, a ba ta sosai, har sai ya tsiyayo ta ramin gindin tukunya, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum shi ne mafi munin tsari: saman ƙasa ba ya bushewa, saiwoyin ƙasa kuma ba sa ƙoshi.

Shawarwarin da ake samu a intanet akasarinsu don mazauna Turai da Amurka aka rubuta su, inda ake cewa a rage ruwa a lokacin sanyi saboda rana ta yi ƙaranci. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar lissafin ya ɗan bambanta. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakiyar damina, sa'ad da iska ke ɗauke da danshi, hadari ke rufe rana, ƙasa kuma ba ta bushewa da wuri. A hunturu iska busasshiya ce, tana tsotse ruwan tukunyar ƙasa da sauri, ko da yake shukar kanta takan rage girma saboda sanyin dare. A bazara ne take shan ruwa fiye da kowane lokaci. Duk da haka tsinken nan ya fi kowace ƙa'ida gaskiya.

Tukunyar ma tana da nata laifin. Da yawa daga cikin kyawawan tukwanen tangaran da na roba da ake sayarwa don ado ba su da rami a gindi. Akwai masu zuba tsakuwa a ƙasa da zaton ta maye gurbin rami, amma ba ta yi, ruwan yana nan a kwance yana jiran saiwa ta iso shi. Ko dai a huda tukunyar, ko a dasa shukar a wata mai rami a sa ta cikin ta adon, a riƙa fitar da ita ranar ba da ruwa. Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu, idan an huda gindinta, ta fi dukkansu dacewa da yuka: jikinta na fitar da danshi, kuma nauyinta na hana doguwar shuka kifewa.

Ƙarancin haske

Wannan ne dalili na biyu, kuma sau da yawa tafiya ɗaya suke yi da na farko, domin shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa, sai ƙasarta ta daɗe a jiƙe. Yuka 'yar rana ce. An ce tana jure inuwa, amma jurewa daban, jin daɗi daban. A lungun falo ko a dogon baranda na ofis wanda ƙwan lantarki kaɗai ke haskawa, takan rayu da abincin da ta tara a gangar jikinta na wasu watanni, shi ya sa ba a ganin illar nan take. Daga baya sababbin ganyayen su fara fitowa sirara, dogaye, koɗaɗɗu, marasa ƙwari, har ba sa iya ɗaukar nauyin kansu. Kan shukar kuma ya karkata wajen taga.

Idon mutum ba ma'aunin kirki ba ne a nan, domin yana sabawa da duhu nan da nan. Ɗakin da ake iya karanta jarida a cikinsa yana iya zama duhu a wajen yuka. Hasken taga yana raguwa ƙwarai da zarar an yi taku biyu ko uku daga gare ta, kuma labule mai kauri, gilashi mai duhu, ragar sauro da ta sha ƙura da ƙarfen tagogi duk suna cin rabonsu kafin ya iso. Gwaji mai sauƙi shi ne a miƙa hannu a inda shukar take da tsakar rana. Idan inuwar hannun ta fito sarai, hasken ya isa. Idan da ƙyar ake ganinta, wurin bai dace ba.

Wurin da ya fi shi ne dab da taga mai kallon gabas, inda za ta sha hantsi, ko mai kallon yamma idan akwai labule marar kauri da zai rage zafin la'asar a lokacin bazara. Tunda ƙasar Hausa na kusa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta saman kai ne a yawancin shekara, tana karkata kudu a watannin hunturu, ta ɗan karkata arewa a wajajen Yuni da Yuli. Saboda haka tagar kudu tana samun rana sosai a Disamba da Janairu, amma ba ta samu a tsakiyar damina. A riƙa juya tukunyar kaɗan duk mako biyu don kowane ɓangare ya samu rabonsa.

Kuskuren da ke biyo bayan gano wannan matsala shi ne a kinkimi shukar daga duhu a dire ta a tsakar gida cikin ranar Maris. Ganyen da ya tashi a inuwa ba shi da kariya, cikin yini guda zai ƙone ya yi fararen tabo waɗanda ba sa warkewa. A bi da ita mataki-mataki: mako guda a inuwar baranda mai haske, sannan awa ɗaya ko biyu na hantsi, a riƙa ƙarawa har tsawon mako biyu zuwa uku. Ya kamata kuma a sani cewa ganyen da ya riga ya fito da rauni ba zai miƙe ba ko da haske ya samu. Sababbin da za su biyo baya ne za su nuna ko gyaran ya yi.

Ƙishirwa, sanyi da sauyin wuri

Ƙishirwa ta gaskiya ba ta cika faruwa ba, amma tana faruwa, musamman ga shukar da aka rufe a ofis lokacin dogon hutu ko yajin aiki, ko wadda ta cika ƙaramar tukunya da saiwa a bazara. Alamarta ita ce tukunya ta yi sakayau, ƙasa ta janye daga jikin tukunyar ta bar tsaga, bakin ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa, amma gangar jiki tana nan da taurinta. Ƙasar da ta bushe haka ba ta karɓar ruwa, yakan bi ta tsagar gefe ya fice. Sai a tsoma tukunyar a cikin baho mai ruwa na kamar rabin awa, a fitar a bar ta ta tsiyaye. Cikin 'yan kwanaki ganyayen da ba su mutu ba za su farfaɗo. Wannan ita ce matsala mafi sauƙin gyara a cikin duka.

Zafin ƙasarmu ba ya damun yuka muddin akwai iska, haka nan sanyin hunturu bai kai ya cutar da ita a cikin ɗaki ba. Abin da ke wahalar da ita shi ne na'urar sanyaya ɗaki idan tana hura mata kai tsaye, da kuma hawa da saukar yanayi: sanyi ƙarara idan akwai wuta, zafi kamar tanda idan an ɗauke, sau da yawa a yini guda. A kawar da ita daga bakin na'urar. A kuma tuna cewa a ɗaki mai sanyi ƙasa ba ta saurin bushewa.

Sabuwar shuka da aka kawo daga lambun mai sayarwa, inda take shan rana da iska, takan yi yaushi ta zubar da 'yan ganyayen ƙasa a makonnin farko. Haka ma wadda aka sauya wa tukunya. Abin da take so a wannan lokaci shi ne wuri mai haske da kuma a ƙyale ta. Ƙarin ruwa, taki ko yawan ɗauke ta daga nan zuwa can duk ƙara mata wahala suke yi.

Ƙura, ƙwari da taki

Ƙurar hunturu takan lulluɓe ganye ta tare masa haske. A riƙa goge shi da tsumma mai danshi, daga gindi zuwa baki, sama da ƙasa. Kada a shafa masa man gyaɗa, madara ko wani mai don ya yi sheƙi, domin yana toshe ƙofofin numfashinsa, ya kuma kama ƙura.

Lokacin gugar ne ake gano ƙwari. Iri uku ne suka fi kama ta. Akwai masu farin gari kamar ɓurɓushin auduga da ke ɓuya a matsattsin gindin ganye. Akwai masu ɓawo ruwan ƙasa da ke mannewa kamar kaska ba sa motsi, waɗanda kan bar wani danƙo a jikin ganye. Akwai kuma wasu mitsi-mitsi dangin gizo-gizo da ke son busasshiyar iska, ana gane su da siririyar yana da ɗigo-ɗigon rawaya. Dukkansu ruwan jikin shukar suke tsotsa har ta raunana. Idan ba su yi yawa ba, auduga da aka tsoma a sifirit ta isa a goge su. Idan sun yaɗu, a wanke ganyen da ruwan sabulu marar ƙarfi, ko a fesa man darbejiya da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulu, da yamma, a maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, domin ƙwayayensu ba sa mutuwa a fesawar farko.

Taki kuwa ba magani ba ne ga shuka marar lafiya. Yuka ba ta da ci. Ɗan kaɗan sau biyu ko uku a shekara, a lokacin da take toho, ya wadatar. Barbaɗa takin zamani irin na gona da yawa a cikin tukunya yana ƙona saiwa. Idan aka ga farin gishiri a saman ƙasa ko a bakin tukunya, wanda kan fito daga taki ko daga ruwan wasu rijiyoyin burtsatse, a kwarara ruwa mai yawa ya ratsa ƙasar ya wanke shi. Ruwan sama, ga mai iya tara shi, ya fi kowanne.

Yadda ake ceto wadda ta fara ruɓewa

Idan ƙasa ce kawai ta jiƙe, gangar jiki kuma na da tauri, sau da yawa dakatar da ruwa da matsar da ita wuri mai haske da iska sun isa. Amma idan akwai wari, ko langaɓewar na ƙaruwa, sai an duba saiwa. A kwantar da tukunyar a gefe, a zaro shukar a hankali, a kakkaɓe ƙasar. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari, launinta fari ne ko mai ɗan ja-ja. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, tana da laushi, fatarta na saɓulewa a hannu. A yanke duk wadda ta lalace da wuƙa mai kaifi da aka goge da sifirit, a bar shukar a inuwa yini ɗaya ko biyu raunukan su bushe.

Kada a mayar da ita cikin tsohuwar ƙasar. A haɗa sabuwa: kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin gargajiya da ya daɗe ya huce, a ƙara 'yan gutsattsarin gawayi. A guji laka da rairayi mai laushi, don suna daskarewa su hana iska shiga. Gwajinta shi ne a jiƙa ta a dunƙule a tafin hannu, idan aka saki ta wargaje. Tukunyar kuma ta dace da saiwar da ta rage, ba da tsawon shukar ba. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba za ta iya shanyewa ba, kuma ko a lokacin sauyi na yau da kullum, wanda ake yi duk shekara biyu ko uku, ƙarin faɗin santimita 5 ya isa. A dasa ta daidai zurfin da take a da, a kafa mata sanda idan tana rawa, a jira kamar mako guda kafin a ba ta ruwan farko. Idan saiwar da aka yanke ta yi yawa, a rage wasu ganyayen ƙasa don nauyin ya yi daidai.

Ko da gindin ya lotsa, ba lallai ne an yi asara ba, domin yadda aka samar da ita tun farko haka za a sake samar da ita. A sa zarto a yanke sama da inda ya ruɓe. A dubi fuskar yankan: idan akwai duhu ko laushi, a ƙara hawa sama, a tsabtace zarton, a sake yanka, har sai an iske nama fari mai tauri. A cire ganyayen ƙasa, a bar yankan ya bushe a inuwa kwana biyu zuwa uku, sannan a kafa shi a sabuwar ƙasa mai ɗan danshi kawai, a wuri mai haske wanda rana ba ta duka kai tsaye. Yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin saiwa ta fito, kuma a wannan tsakanin ƙarancin ruwa ya fi yawansa alheri. Guntun itace marar ganye ma yana iya tsirowa, sai dai a yi masa alama tun wajen yanka don kada a kafa shi a kife, a kuma ɗiga kakin kyandir a samansa. Wadda laushi ya ratsa tun daga gindi har wuya ce kaɗai ba ta da magani. Ita sai a jefar, a wanke tukunyar sosai kafin a sa wata.

Irin wannan yankan ne ake yi wa lafiyayyar yuka da ta yi tsawo har ta taɓo silin. A yanke ta a inda ake so, gindin zai fitar da sabon toho, sau da yawa biyu ko uku, a ƙasan yankan, kan da aka cire kuma ya zama wata shukar. Farkon damina ne lokacin da ya fi dacewa.

Hattara a gida, da kuma wajen saye

Jikin yuka na ɗauke da wani sinadari mai kumfa da ake kira safonin, wanda saboda shi ne 'yan asalin nahiyar Amurka ke yin sabulu da saiwar wasu danginta. Yana sa kyanwa da kare amai da gudawa idan suka tauna ganyen, yana kuma cutar da doki, don haka kada a jefa ganyen da aka yanke a inda dabbobi ke kiwo. Irin da ake ajiyewa a ɗaki bakin ganyensa ba shi da ƙaya mai tauri, amma gefensa na iya yankar hannu. Akwai wata 'yar uwarta, Yucca aloifolia, wadda kowane ganyenta ke ƙarewa da tsini kamar allura. Wannan ba ta dace da gida mai ƙananan yara ba, domin tsininta daidai tsayin idonsu yake.

Wajen saye, a matsa gangar jikin daga gindi har sama a tabbatar da taurinta. A ɗan girgiza ta a hankali: idan tana rawa a cikin tukunya kamar turken da bai kafu ba, ba ta gama yin saiwa ba, gara a zaɓi wata. A leƙa gindin ganyaye saboda ƙwari, a ɗaga tukunyar a ga ko akwai rami, a kuma tambayi mai lambun ko a rana take zaune ko a inuwa, don a san irin wurin da za a fara ajiye ta idan an kai ta gida.